SABON HARSASHI A CIKIN TSOHON GINI

Darasi domin Hakimai da Malamansu

1. Dalilin wannan darasi

A ko wace gunduma akwai tsofaffin gine-ginen jama'a waɗanda har yanzu a ke amfani da su, kamar zauren Hakimi, da ɗakin shari'a, da masallacin Juma'a, da makaranta, da ɗakin shan magani. Waɗansu ginin ƙasa ne na tubali da azara, waɗansu kuwa na bulo ne da siminti. In gini ya daɗe, ɗayan abu biyu ya kan same shi. Ko dai wani sashe nasa ya fara nutsewa, bango ya dare, rufi ya sunkuyo. Ko kuwa a so a ɗora masa nauyin da ba a gina shi dominsa ba, kamar bene ko tankin ruwa. A ko wane hali sai an yi sabon harsashi, ga shi kuwa ginin yana tsaye bisa wurin da za a haƙa.

Aza harsashi a fili ba shi da wuya ƙwarai, gama mota tana kawo yashi har bakin rami. A cikin ɗaki kuwa al'amarin dabam ne. Mota ba ta shiga lungu, ƙofar zaure da ƙyar ta ke kai ƙafa 3, rufi yana kusa da ka, haske kaɗan ne, nauyin ginin duka kuma yana bisa kan mai haƙa. Kuskure ɗaya ya isa ya jawo asarar rai da ta dukiyar jama'a.

Gini ba aikin Hakimi ba ne, amma wurinsa a ke fara kawo kuka, kuma Malaminsa ke riƙe da littafin aiki. Saboda haka ya kamata su san abin da za su tambayi magina, da abin da za su hana. Tushen darasin shi ne, kada a sa diga a ƙasa sai an san cutar ginin, da irin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da faɗin hanyar da kaya za su shiga. In an fara kuwa, a haƙa kaɗan kaɗan.

2. A fara sanin cuta

Ba ko wace tsagewar bango ce ke nuna lalacewar harsashi ba. Sau da yawa indararo ne ya toshe ko ya karye, ruwa ya riƙa zuba a gindin bango. Wani lokaci gara ce ta ci katakon rufi, ko famfo ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, ko kuwa wani babban itace kusa da bango ya shanye damshin laka da rani har ƙasa ta motse. In cutar irin wannan ce, gyaran indararo ko janye ruwa daga gindin bango ya wadatar. Wanda ya haƙa ƙarƙashin bango a kan wannan, ya shiga neman gira ne da kasadar rasa ido.

Tsagewar da ke nuna nutsewar harsashi ta kan tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ana ganinta ciki da waje, ƙofa kuma ta fara cijewa. Hanyar gane ko tana ci gaba mai sauƙi ce. Malami ya sa a manna ɗan siminti ko siririn gilashi a gicciye bisa tsagar, ya rubuta kwanan wata a gefe, ya kuma yi alama da fensir a inda tsagar ta ƙare. Ko wane mako ya auna faɗinta ya rubuta. In da hali, a bi ta har damina ɗaya da rani ɗaya. Wadda ta tsaya cik sai a cike ta a huta. Wadda ke buɗewa da rani tana rufewa da damina, laka ce ke motsi a ƙarƙashi. Wadda ke ƙaruwa kullum, ita ce abar tsoro. In faɗinta ya kai inci 1, ko bango ya fara karkata, a fitar da mutane, a tokare rufi, a aika wa Injiniyan Ƙaramar Hukuma a ranar.

3. Sanin ƙasa

Kafin a zaɓi irin harsashi, a haƙa ƙananan ramukan gwaji biyu ko uku, ɗaya a jikin bango domin a ga zurfin tsohon harsashi, sauran a inda za a yi sabon. Ga abin da a kan tarar a ƙasashenmu.

Marmara da burji mai tauri: ƙasa ce mai kyau, tana ɗaukar nauyi.

Jigawa, watau rairayi: tana ɗaukar nauyi in ta danƙare, amma bakin rami yana saurin zubewa, ruwa kuma yana kwashe ta.

Baƙar laka, irin ta wajajen Tafkin Chadi wadda a ke kira firgi, da ta tsakanin Gombe da Numan: da damina tana kumbura, da rani tana motsewa ta dare. Harsashi a cikinta sai ya wuce iyakar inda damina da rani ke taɓawa. Injiniya ne zai faɗi zurfin.

Cikon ƙasa: wannan ya fi duka haɗari, a tsofaffin birane kuwa ya fi yawa. Kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini aka cike shi da shara, da tsohuwar rijiya, da tsohon masai, da ramukan marina, duk sun kan ɓace a ƙarƙashin daɓe. Ba a aza harsashi a kan ciko, sai an wuce shi an tarar da ƙasar asali.

A nan Hakimi ya fi Injiniya hanya. Ya tara dattawan unguwa, da Mai Unguwa, da Sarkin Magina, ya tambaye su abin da ke wurin kafin a yi ginin. Tsoho ɗaya da ya tuna inda rijiya ta ke ya fi ramin gwaji goma. A kuma bincika inda wayar lantarki da famfon ruwa suka bi. In an tarar da kabari, gama a da a kan binne mutane a cikin gidaje, a tsai da aiki, a sanar da Hakimi da Liman.

4. Lissafin faɗi

Kowa ya ga yadda jaki ke nutsewa a rairayi, raƙumi kuwa da ya fi shi nauyi ya wuce lafiya, domin tafin ƙafarsa mai faɗi ne. Aikin harsashi ke nan, ya baza nauyi a kan ƙasa mai yawa.

Misali, a ce sabon ginshiƙi zai ɗauki tan 9, Injiniya kuma ya auna ya ce ko wane murabba'in ƙafa na ƙasar wurin yana ɗaukar tan 1. To, ana bukatar murabba'in ƙafa 9, watau ƙafa 3 tsawo, ƙafa 3 faɗi. In ƙasar mai taushi ce, rabin tan kaɗai ta ke ɗauka, sai murabba'in ƙafa 18, watau fiye da ƙafa 4 ko wane gefe. Ramin ƙafa 3 da 3 mai zurfin ƙafa 4 zai fitar da ƙasa kwanon sarki 60 ko fiye, ko wane kwano kuwa a ka za a fita da shi ta ƙofa ɗaya. Malami ya yi irin wannan lissafi tun da wuri, ya san yawan leburori da kwanakin aiki, da inda za a zuba ƙasar.

5. Ire-iren harsashi da zaɓensu

Na farko, harsashin ginshiƙi. Rami ne mai kusurwa huɗu a tsakar ɗaki, a zuba kankare da rodi, a ta da ginshiƙi a kai ya tallabi rufi ko bene. Da hannu a ke yinsa, da diga da shebur da kwano. In ƙasa mai kyau tana kusa, shi ya fi sauƙi da araha. A ginin ƙasa shi ne ya fi dacewa, gama sabon ginshiƙi ya kan karɓi nauyin rufi, a bar tsohon bango ya ɗauki kansa kaɗai, ba a taɓa gindinsa ba.

Na biyu, harsashin layi, domin sabon bangon da zai raba ɗaki. A bar 'yar tazara tsakanin sabon bango da tsohon, domin sabon zai ɗan zauna, kada ya ja tsohon.

Na uku, harsashin tabarma. Kankare ne mai rodi da a ke shimfiɗawa a daɓen ɗaki duka, inda ƙasa ba ta da ƙarfi sosai, nauyin kuma ba mai yawa ba ne. Ba ya son zurfi, amma yana cin siminti da rodi.

Na huɗu, ƙari a ƙarƙashin tsohon bango. A haƙa ƙarƙashin tsohon harsashi gaɓa gaɓa har a kai ƙasa mai tauri, a cike da kankare. Ya fi dacewa da bangon bulo ko na dutse, in ƙasa mai kyau ba ta wuce ƙafa 6 ko makamancin haka ba, kuma ba a tarar da ruwa ba. Bangon ƙasa ba ya jure a bar ƙarƙashinsa fayau, saboda haka ba a yi masa wannan aiki sai Injiniya da Sarkin Magina sun yarda tare.

Na biyar, turaku. In ƙasa mai kyau ta yi nisa, ko ciko ya yi kauri, sai a sauke nauyin ta kan siraran turaku na ƙarfe da siminti. Wani Injiniya ɗan Italiya, Fernando Lizzi, shi ya fito da wannan dabara domin ceton tsofaffin gine-gine bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka fara aiki da ita a wata makaranta a birnin Napoli a 1952. Ya kira su turakun saiwa, domin suna riƙe gini kamar yadda saiwa ke riƙe itace. Ana huda rami wanda kaurinsa bai kai ƙafa 1 ba, a zura ƙarfe, a ɗura siminti. Akwai ƙananan injunan huda da ke shiga ta ƙofar ɗaki, su yi aiki a ƙarƙashin rufi. Akwai kuma turke mai murɗi, wanda a ke murɗawa cikin ƙasa gaɓa bayan gaɓa. Wani makahon Injiniya ɗan Ailan, Alexander Mitchell, shi ya yi masa rajista a 1833. Turaku suna da tsada, sai kamfani mai kayan aiki ke yinsu. Turken da a ke bugawa da guduma kuwa, kada a yarda da shi a cikin tsohon gini, gama girgizarsa ta isa ta zubo da soro.

Ƙa'idar zaɓe ita ce, a ɗauki mafi sauƙi wanda ƙasar wurin ta yarda da shi, wanda kuma kayansa za su iya shiga ta ƙofa. Kafin a yi jinga, Malami ya auna faɗin lungu, da faɗin ko wace ƙofa, da tsayin rufi, ya ba masu neman aikin a rubuce. Kada a fasa ƙofa domin inji ya shiga sai Injiniya ya duba ya sa matokari.

6. Yadda a ke aikin

Lokacin aiki shi ne rani, bayan an gama kaka. Da damina ruwa ya kan cika rami ya jiƙa gindin bango.

Da farko a kwashe mutane da kaya. A tokare azara ko bene da sanduna masu ƙarfi, a sa katako mai faɗi a ƙarƙashin ko wace sanda, nesa da bakin rami.

Wajen haƙa kusa da bango akwai doka. In sabon rami zai zarce gindin tsohon harsashi da ƙafa 2, to, ya nisanci harsashin da ƙafa 2 aƙalla. A rairayi ya fi haka. Dalili kuwa, nauyin bango ba ya sauka a miƙe kaɗai, yana bazuwa gefe da gefe, wanda ya yanke ƙasar gefe ya zare wa bango abin dogara. Hasumiyar birnin Pisa ta Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173, ta shahara da karkata. A 1838 aka haƙe kewayen gindinta domin a fito da adon da ya nutse, ruwa ya ɓulɓulo, karkatar ta ƙaru. Sai tsakanin 1999 da 2001 aka ɗan miƙar da ita da misalin inci 17, ta hanyar zare ƙasa kaɗan kaɗan daga ƙarƙashin gefen da ya ɗaga, ana aunawa kullum.

In ƙari ne a ƙarƙashin bango, ga tsarinsa. A ce bangon ƙafa 30 ne. A raba shi gaɓa 10, ko wace ƙafa 3, a rubuta musu lamba da alli, 1 zuwa 5, sa'an nan a sake 1 zuwa 5. A haƙa masu lamba 1 kaɗai, watau gaɓa biyu masu nisa da juna. A share gindin ramin, Injiniya ya gani, a zuba kankare a ranar, a bar tazarar inci 3 tsakaninsa da tsohon harsashi. Bayan kwana ɗaya ko biyu a cusa siminti da yashi mai ɗan damshi a tazarar, a daddanna da sanda da guduma har ya cika tam. Wannan cusawa ita ce ke sa nauyin bango ya sauka a kan sabon kankare. In an yi ta da ha'inci, aikin duka banza ne. In ta ƙame, a koma masu lamba 3, kāna 5, kāna 2, kāna 4. Ta haka kashi ɗaya cikin biyar na bangon kaɗai ke rataye a lokaci guda. Ɗan kwangilar da ya ce zai haƙe layin duka rana ɗaya domin sauri, a tsai da shi nan take.

Sannu ba ta hana zuwa. Babbar majami'ar Winchester ta Ingila an gina wani sashenta a kan ƙasa mai taushi, ta fara nutsewa. Da aka haƙa ƙarƙashinta sai ruwa ya cika ramukan. Wani gwanin nutso, William Walker, ya riƙa shiga cikin ruwan da duhu, rami bayan rami, yana jera buhunan kankare da hannu, daga 1906 har 1911. Buhunan sun fi 25,000. Ginin yana nan tsaye har yau.

Game da kankare, awon da aka saba shi ne 1 da 2 da 4. Buhun siminti mai kilo 50 kimanin kwanon sarki 2 ne, saboda haka buhu 1 yana tafiya da yashi kwano 4 da tsakuwa kwano 8, sai in Injiniya ya ba da wani awo. Yashi ya zama marar laka, ruwa ya zama wanda mutum zai iya sha, simintin da ya yi gudaji kuma a mai da shi. A kwaɓa a waje bisa daɓe mai tsabta, gwargwadon abin da za a iya shigarwa a zuba cikin rabin sa'a. Rodi a yanke shi a lanƙwasa a waje daidai faɗin ƙofa, a ɗaga shi daga ƙasa da inci 2 ko 3 domin kankare ya lulluɓe shi, kada ya yi tsatsa. Bayan zubawa a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana 7 aƙalla, musamman da hunturu, amma a kiyaye kada ruwan ya kai ga bangon ƙasa. A kwana 28 a ke lissafin cikar ƙarfin kankare. Kada a cire matokari ko a ɗora cikakken nauyi sai Injiniya ya ba da izni.

7. Tsaron rai

Ƙasa mai tsawon yadi 1, faɗin yadi 1, zurfin yadi 1, ta fi tan 1 nauyi. In ta zubo wa mutum, ko iyakar ƙirji ta rufe shi, numfashi ya kan gagara. Saboda haka duk ramin da ya kai ƙafa 4 a tokare gefensa da katako. Ƙasar da aka haƙo a fita da ita waje, kada a tara ta a bakin rami ko a jingina ta da bango. Kada mutum ya shiga rami shi kaɗai, lalle a bar wani a sama yana dubansa. Janareta da ko wane inji mai hayaƙi a ajiye su a waje, a jawo waya, gama a cikin hayaƙin akwai guba marar wari wadda ke kashe mutum a rufaffen ɗaki. In an faɗa kan tsohon masai ko rijiya, a fita, a bar iska ta shiga, kada a kusanto da wuta ko taba. Ƙofa kuma a bar ta a buɗe ba kaya a bakinta, domin ita kaɗai ce hanyar gudu. Da dare a rufe wurin saboda yara da dabbobi.

8. Aikin Hakimi da na Malami

Hakimi ya tabbata akwai zane da sa hannun Injiniya mai rajista da hukumar COREN kafin a fara. In ginin yana cikin waɗanda aka ayyana na tarihi, sai an nemi iznin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Ya sanar da maƙwabtan da bangonsu ke haɗe da ginin, a duba bangon nasu tare a rubuta halinsa, domin kada gardama ta tashi daga baya. Ya kuma haɗa Injiniya da Sarkin Magina, gama ɗaya ya san lissafin nauyi, ɗaya ya san halin tubali da azara.

Malami ya buɗe littafi na musamman. Ko wace rana ya rubuta lambar ramin da aka haƙa, da zurfinsa, da irin ƙasar da aka tarar, da buhu nawa aka kwaɓa, da sa'ar da aka zuba, da faɗin ko wace tsaga da safe, da sunan wanda ya duba. Ya ɗauki hoton ko wane rami da wayarsa, da ma'auni a ciki, kafin a rufe. Harsashi in an binne shi ba mai sake ganinsa, littafin nan kaɗai ne shaida. Kada a sa hannu a takardar biya a kan ramin da Injiniya bai ga gindinsa ba. In tsaga ta ƙaru, ko ƙasa ta fara zubowa daga rufi, ko aka ji azara tana ƙara, Malami ya fitar da kowa tukuna, sa'an nan ya kai labari.

9. Tambayoyi

(a) Ta yaya za a gane tsagewar da ke ci gaba da wadda ta tsaya?

(b) Ginshiƙi zai ɗauki tan 8, ƙasa tana ɗaukar rabin tan a murabba'in ƙafa. Ƙafa nawa za a yi ko wane gefe?

(c) Bango mai ƙafa 45 gaɓa nawa za a raba shi, nawa kuma za a haƙa a lokaci guda?

(d) Waɗanne gine-ginen jama'a ne a gundumarku a ke zaton suna kan ciko?

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan darasi a gaban Dagatai da Masu Unguwa da magina, Malamai kuma su zaga gine-ginen jama'a kafin faɗuwar damina, su aika da abin da suka gani. Allah ya tsare rayukan ma'aikata, ya sa albarka a aikin, amin.